Tarihin Zaƙi da Ciwon Sukari

Yau za mu ba ku tarihin zaƙi da aikinsa cikin jini.

A zamanin dā zaƙi abin marmari ne. Kakanninmu sai su sami zuma, ko rake, ko mazarƙwaila ran kasuwa. Da aka kafa masana'antar sukari a Bacita wajen 1964, farin sukari ya yi ta yaɗuwa, har ya shiga koko da fura da shayi.

Ciwon kuwa tsoho ne. Masu maganin ƙasar Indiya tun dā sun lura tururuwa na taruwa kan fitsarin mai shi. A 1889 likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, sai ciwon ya kama shi. A 1921 Banting da Best, a birnin Toronto na Kanada, suka tatso ruwan da tsokar ke yi, watau insulin. Shi ke buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa naman jiki. A 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa, ya farfaɗo.

A 1981 Dokta Jenkins ya auna abinci iri iri, ya nuna zaƙi ba ɗaya ba ne. Gulukos, wanda tuwo da rogo ke komawa bayan an ci, shi ke hawa jini da sauri, ya kira insulin da yawa. Furaktos na zuma da 'ya'yan itace hanta yake nufa, ba ya tā da jini sosai, amma in ya yi yawa sai ya zama kitse a hanta. Sukarin rake rabi wannan ne, rabi wancan. Na nono kuwa a hankali yake shiga.

Saboda haka kada mai ciwon sukari ya ce mazarƙwaila ko zuma ba su da laifi. Mazarƙwaila ɗanyen sukari ce, zuma ma tana da gulukos. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da baligi ke sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan a yini, har da zuma.

Ku haɗa tuwo da wake da miyar ganye. Wanda ya ga yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya zo ɗakin shan magani a auna jininsa tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya, amin.