Akori-kura a Illela: Tarihin Zaɓen Motar Kaya a Bakin Iyaka

Garin Illela yana arewacin Jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga birnin Sakkwato, kuma tazarar da ke tsakaninsa da Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar ba ta wuce 'yan kilomita ba. A nan ne babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta ratso Ibadan da Ilori da Jega, take tuƙewa. Da an tsallaka sai a hau titin da ya haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, gaba kaɗan kuma hanyar Tawa da Agadas ta ɓalle ta yi arewa. Kasuwar Illela tana ci ranar Lahadi, ta Ƙwanni ranar Laraba, kuma mutane ɗaya ne ke cin su duka biyun. Tirela da gingimari iyakarsu bakin kwalta. Motar da ke sauka daga titi ta shiga Kalmalo da Araba da ƙauyukan Gada ta kwaso albasa da gero da wake da tumaki ita ce akori-kura, mai ɗaukar abin da ya kai tan ɗaya. Wace iri ce ɗan kasuwar Illela zai saya, wannan tambaya ce da amsarta ta sauya sau da yawa, kuma kusan duk sauyin ya biyo bayan wani hukunci ne da aka yanke a Legas ko Abuja ko Yamai.

Kafin zuwan mota, jaki da raƙumi da takarkari ne ke wannan aiki. Ƙasar Ƙwanni da ta Sakkwato ƙasa ɗaya ce ta fuskar ciniki da auratayya. A Maratta, wadda yau take cikin Nijar, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Buzaye na saukowa da gishiri da dabbobi, su koma da hatsi da tufafi da goro. A 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni, a 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta ba Ingila duk ƙasar da ke cikin zagayen mil 100 daga Sakkwato, aka gyara ta a 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa ana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Daga nan aka samu kuɗi iri biyu, kwastan biyu da farashi biyu a tsakanin garuruwan da mai jaki ke zuwa ya dawo a yini guda. Jirgin ƙasa kuwa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya tsaya can bai ƙarasa Sakkwato ba. Saboda haka duk abin da zai fita daga wannan yanki ko ya shigo, in ba a bayan dabba ba, to a kan taya ne.

Motocin farko na kamfanonin Turawa ne da na En'e: manyan motocin Bedford masu kwasar gyaɗa da fata da ƙirgi, da Land Rover ta jami'an gwamnati bayan 1948. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da zaɓi a tsakaninsu. Ko dai ya ɗaura wa jakinsa mangala, ko ya biya kuɗin lodi a babbar mota ya hau saman kaya.

Shekarun 1970 ne suka buɗe wa talaka mai ɗan jari ƙofa. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kamar yadda ake yi a Nijar tun zamanin Faransawa, don haka mota ɗaya ta dace da titin ƙasashen biyu. Naira ta fito a 1973, kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. A daidai wannan lokaci farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi masu yawa a Sahel, har da na ɗaukar kaya. Akori-kurar Peugeot 404, daga baya 504, ita ta cike gurbin. Injin fetur ne mai kafireto wanda bakanike zai kwance ya mayar a gindin bishiya, bayanta na da sifirin mai jure nauyi, kuma a kan ɗora mata ƙarafa da tamfol ta zama motar fasinja da kaya a lokaci guda. Babban abin da ya ɗaukaka ta a Illela shi ne kayan gyaranta na samuwa a kowane ɓangare: idan ta lalace a Galmi ko Malbaza, bakaniken can ya san ta kamar yadda na Gwadabawa ya san ta. Datsun ta Japan ta yi gogayya da ita, kuma masu ita sun yaba mata wajen ƙarancin shan mai, amma ba ta kai Peugeot yawan hannuwan da suka iya gyara ta ba. Laifin Peugeot guda ne. Tayoyin baya kaɗai ke ja, don haka a rairayi sai ta kafe, a rage wa taya iska, fasinja su sauko su tura.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa ta kuma canja takardun naira, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986. Rufewar ta faɗo cikin wani mummunan fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. Ciniki bai tsaya ba, hanya kawai ya sauya, daga kwalta zuwa burtali da hanyar shanu. Tun daga lokacin darajar mota a wajen mutanen iyaka ta koma kan yadda take tafiya a inda babu titi. Watanni kaɗan bayan buɗewar sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986: nairar da a da ta fi dala ɗaya ta koma kusan huɗu a dala cikin shekara guda. Sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin 'yan kasuwa, aka koma ga ta hannu, wadda ake saukewa a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome da sunan za a kai Nijar, sannan ta shigo Najeriya ta Gaya ko Ƙwanni ko Maraɗi. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta sake juya lissafin, domin mai sayen mota a nan da kuɗi biyu yake tunani.

Zuwan motar hannu ya sauya ainihin abin da ake zaɓa. A da mai saye yana tsakanin sunan kamfani da sunan kamfani ne. Yanzu sai ya kasance tsakanin wannan mota da waccan, kowace da tarihin da mai sayarwa ba zai faɗa ba. A nan al'adar kara ta yi amfani. Kamar yadda mai sayen sa a kasuwar Lahadi yake buɗe bakinsa ya duba haƙori kafin ya taya, haka mai sayen akori-kura yake zuwa da bakanikensa ya shiga ƙarƙashinta ya duba shasi, ko an taɓa yi masa walda, ko tsatsar ƙasashen ƙanƙara ta ci shi. Ana tayar da injin da sanyin safiya a ga launin hayaƙi, a buɗe lagireto a ga ko mai ya gauraya da ruwa, a hau ta a kan gargada a saurari ƙafafunta. Lambar tafiyar da ke kan allon gaban direba ba a cika kula ta ba, don kowa ya san ana iya mayar da ita baya. Dillali na tsakani, da la'adarsa, kuma shi ake nema idan daga baya wata magana ta taso. Sau da yawa mai kuɗin ba shi zai tuƙa ba. Zai ba direba ne da karen mota, su riƙa kawo masa balas, don haka ra'ayin direban da zai kwana da ita a daji yana da nauyi a cinikin.

A wannan zamani ne Toyota ta karɓe filin. Akori-kurarta Hilux ta fara fita a Japan a 1968, mai jan taya huɗu kuma a 1979. Sunanta ya bazu a Sahel bayan 1987, lokacin da sojojin Chadi a kan motocin Toyota suka fatattaki na Libiya. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji da jami'an tsaro suka mai da ita motar aiki, kuma idan ta tsufa a hannunsu sai a yi gwanjonta ta faɗo kasuwa. Akwai abokan hamayya masu kyau: Mitsubishi L200 wadda ta fara a 1978, Nissan Hardbody da Navara, Ford Ranger, da Isuzu D-Max da ta fito a 2002. Kusan dukkansu sun fi Hilux arha ko da shekarunsu da lafiyarsu ɗaya ne da nata, wasunsu ma sun fi ta daɗin zama. Abin da ya sa duk da haka ake biyan tsadarta shi ne abin da ya ɗaukaka Peugeot a baya: kayan gyara a kowace tasha, bakanike a kowane gari, da tabbacin cewa ranar da aka so sayarwa akwai mai saye. Buƙatar direbobin Agadas masu ratsa hamada zuwa Libiya ta ƙara riƙe farashinta a yankin. Wanda ya sayi wata iri ya samu sauƙi ranar saye, amma yakan biya bambancin a kwanakin da motar za ta yi a gareji ana jiran kaya daga Kano ko Legas.

Batun fetur da gas ya raba ɓangarorin iyakar biyu. Najeriya ta janye tallafi daga man gas tun farkon shekarun 2000 ta bar shi a kan fetur, saboda haka mai mota a Illela ya daɗe yana fifita injin fetur, musamman mai lita 2.7 na Hilux, ko da ya fi shan mai. A Nijar kuwa injin gas ya fi karɓuwa a tafiyar nesa saboda ƙarfin ja da ƙarancin sha. Arhar fetur ɗin Najeriya ita ta raya sana'ar 'yan bumburutu da jarkokinsu a gefen titin Ƙwanni shekara da shekaru, ko bayan buɗe matatar Damagaram a 2011. A Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya sa direban Illela sai ya yi nisa kafin ya sha mai a farashin gwamnati. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin baki ɗaya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma tsohuwar hujjar fifita injin fetur ta yi rauni.

Siffar motar ma na nuna mai ita. Mai ƙofa biyu tana da dogon baya, ita ce ta ɗan albasa da ɗan hatsi. Mai ƙofa huɗu ta sadaukar da wani kaso na bayanta don kujeru, ita ce ta ɗan kwangila da basarake da ɗan siyasa. Kamfani ya ƙayyade kusan tan ɗaya, wato buhu goma na gero mai kilo ɗari-ɗari, amma da wuya a ga motar haya ta tsaya a nan. Ana ƙara mata sifirin, mai walda ya ɗaga mata keji, a yi wa tumaki hawa biyu. Wannan yana ƙara kuɗin shiga, yana kuma cinye birki da taya da ƙashin motar, kuma yana cikin dalilan haɗurran ranar kasuwa.

Takarda ta zama rabin darajar mota tun 1 ga Janairu 2017, ranar da haramcin shigo da motoci ta iyakokin tudu ya fara aiki. Motar da ta shigo ta bayan gari tana da arha, sai dai ba ta da takardar biyan kuɗin kwastan, kuma ana iya kama ta a kowane shinge. An sake rufe iyaka a Agustan 2019. Da aka buɗe a ranar 16 ga Disamba 2020, Illela na cikin mashigai huɗu na farko, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya jawo wata rufewar, har zuwa Maris 2024. A kowane karo manyan motoci sun yi layi kayansu na ruɓewa, aiki ya koma ga babur da jaki da ƙananan motoci masu iya bin daji.

Sababbin akori-kura na yau da kwamfuta suke aiki, kuma ba sa jure gurɓataccen man jarka. Gyaransu sai da na'urar gwaji, wadda ba kowane gareji ke da ita ba. Motocin ƙasar Sin irin su JAC, da na Innoson da ake haɗawa a Nnewi, sun shigo da farashi mai sauƙi, amma galibi ta hanyar sayen gwamnati suke zuwa, kuma kasuwar hannu ba ta gama yanke musu daraja ba. Rashin tsaro a gabashin Sakkwato ya ƙaro wani lissafi, domin sabuwar mota mai ƙyalli tana jawo idon da mai ita ba ya so. Daga ƙasa kuma Peugeot J5 da keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya sun ƙwace wani ɓangare na aikin. Saboda waɗannan dalilai, motar da ɗan kasuwar Illela ya fi nema har yanzu ita ce tsohuwar Hilux mai giyar hannu da cikakkiyar takarda, wadda bakaniken Illela da na Ƙwanni duka suka iya gyarawa.