Shekaru Masu Suna a Damargu

Tsofaffin Damargu ba su cika faɗin shekarar haihuwarsu da lamba ba. Kakata takan ce an yaye ta shekarar fara, an kai ta ɗakin miji damina biyu kafin yunwa kaza. Shekarar da rumbu ya cika ba ta samun suna, ci ake yi a manta da ita. Wadda ta ƙone gero ko ta share garke ita ake raɗa wa suna, sunan ya bi ta har bakin jikoki.

Al'adar ta kama ƙasa a nan ne domin a bakin iyakar noma muke. Tanut tana arewa da Damagaram kan hanyar Agadas, inda ruwan damina ba kasafai yake wuce milimita 300 ba. Duk da haka Damargu ce rumbun Abzin. A watan Janairu na 1851 matafiyi Heinrich Barth ya iso nan tare da ayarin gishirin Abzinawan Kel Owey, ya ga gonaki da rumbuna bayan doguwar tafiya cikin duwatsu, kuma a Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson. Geronmu Abzinawa suke ɗora wa raƙuma zuwa Fashi da Bilma, su komo da kantun gishiri da dabino. Idan ruwa ya ɗauke a Gangara, har Bilma sai an ji a tukunya.

Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ta tarar da ƙasa a raunane. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano a 1911, fataucin Tarabulus da ke bi ta Damargu ya mutu, ga harajin Faransawa. Jama'a suka kwarara kudu, suka tarar ƙasar Kano ma ba ta da abin ba baƙo.

Shekarun 1950 sun zo da ruwa, shi ya sa ba a tuna su da suna. Manoma suka yi ta sare daji suna matsawa arewa, har gwamnati ta kafa dokar 1961 wadda ta shata iyakar noma, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. Sai fari ya dawo a 1973, ya sami gonaki a inda ruwa ba ya alkawari, ya sami Fulani da Buzaye da makiyayar da ta ƙuntata.

Sunan da ya fi tsaya mini a rai shi ne El Buhari, na yunwar 1984. Ruwa ne bai sauka ba, amma sunan shugaban Najeriya na lokacin aka ba ta, saboda a watan Afrilu na shekarar ya rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa, masu tafiya bida suka rasa hanya. Talaka ya san sama ba ita kaɗai take jawo yunwa ba. Mata suka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Wasu suka koma sussukar ƙarangiya.

A waccan shekarar aka yi babban taron Maradi kan kwararowar hamada, kuma tun daga nan rediyo da ma'aikatan ayyukan raya karkara suka cika mana kunne da muhalli, daga baya da sauyin yanayi. Ban ƙi waɗannan kalmomi ba, ana buƙatarsu. Abin da ke damuna shi ne ganin matashin ma'aikaci ya zo Belbeji da takardar tambayoyi yana neman ra'ayin dattijo kan sauyin yanayi, dattijo ya gyaɗa kai kawai. Da ya ce, «Baba, ina kuka yi El Buhari?» da ya ji ko binne aka yi ko shukar ruwa, ranar da marka ta yanke, rijiyoyin Tarka da suka ƙafe, da nawa aka sayi tiyar gero a kasuwar Tanut.