Kakaki, sanda da karatu uku: kalmomin da majalisar Kaduna ta bar wa Hausa

Wata ranar Talata ina cikin darasin tarbiyyar ɗan ƙasa a kwaleji a nan Maradi, sai wani yaro ya ɗaga hannu. Ya ce, "Mushe, jiya na ji a rediyo an ce kakakin majalisar dokokin Katsina ya ɗage zama. Shi ne yake busa wa ƴan majalisa kakaki in za su shiga?" Aji ya ɓarke da dariya, ni ma na dara. Amma da na juya na tambayi masu dariyar me ya sa ake kiran mutumin da wannan suna, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ni kaina amsar da na bayar ranar ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na koma na bi sawun kalmar.

Yaron yana da gaskiyarsa. A nan Nijar shugaban majalisa muke cewa, domin tsarin Faransa muka gada, su kuwa haka suke kiransa. A tsallaken iyaka tsarin Ingila aka gada, inda sunan mai wannan kujera yake nufin "mai magana". Abin mamaki, a zauren shi ne wanda ba ya shiga muhawara: aikinsa ya ba wannan dama, ya tsayar da wancan. Asalin sunan yana can wajen 1377, lokacin da wakilan talakawan Ingila sukan zaɓi mutum ɗaya ya kai wa sarki maganarsu. Aiki ne na sayar da rai, tunda saƙon ba kullum yake yi wa sarki daɗi ba. Har yau in aka zaɓi sabon kakaki a London, sai abokansa sun kama hannunsa sun ja shi zuwa kujera, shi kuma yana nuna kamar ba ya so. A watan Janairun 1642 Sarki Charles na Ɗaya ya shiga zauren da kansa, dakaru na biye, yana neman ƴan majalisa biyar da yake so ya kama. Ya tambayi kakaki William Lenthall inda suke. Lenthall ya durƙusa, ya nuna masa cewa a cikin wannan ɗaki ba ya gani, ba ya magana, sai yadda majalisa ta umarce shi. Sarki ya fita hannu rabbana, kuma tun daga ranar babu sarkin Ingila da ya sake taka wannan zaure ana cikin zama.

Da na fahimci haka sai na ga Bahaushe bai yi kuskuren fassara ba. Kakaki ba shi da murya tasa. Abin da aka busa a cikinsa shi yake fitarwa, ya kai nesa.

To, ta ina waɗannan kalmomi suka shigo Hausa? Ta Kaduna. A 1947, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards, aka buɗe wa Jihar Arewa majalisu biyu, ta sarakuna da ta wakilai. Da farko shawara kawai suke bayarwa, Turawan mulki suna zaune a ciki, Bature ne ma yake jagorantar zaman wakilai. Sai dai an yarda a yi magana da Ingilishi ko da Hausa, tafinta na juyawa. Wannan ƙaramin abu shi ya raba mu da su. Mu ma an kafa mana majalisar farko a 1946, ta zama majalisar yankin ƙasa a 1952, ta zama majalisar dokokin ƙasa bayan an shelanta jamhuriya ranar 18 ga Disamban 1958, Boubou Hama ya shugabance ta har juyin mulkin Afrilun 1974. Amma aikinta na takarda da Faransanci ya tafi. Saboda haka iyayenmu suka riƙe "depite" da "minista", sauran kalmomin kuwa suka tsaya a bakin ƴan lakkol. A Kaduna, wanda zai tashi ya kawo ƙudiri da Hausa dole ya sami kalmar da zai kira shi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta kai kalmar har ƙauye.

Malamai ƴan'uwana za su so wannan: ƙudirin da ya fi girgiza waccan majalisa a shekarunta na farko malamin makaranta ne ya kawo shi. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi ya tashi ya nemi a binciki tsarin En'e, wato mulkin sarakuna ƙarƙashin Turawa, a gyara shi. Magana ce da ba a isa a faɗa a fada ba. Ya faɗe ta ne saboda ƙa'idar zauren ta ba shi kariya: in kakaki ya ba ka dama, wani kuma ya mara wa ƙudirinka baya, dole a saurare ka, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a. Cikin ƴan shekaru aka sauya doka, sarki ya daina zama shi kaɗai ne hukuma, ya koma yanke shawara tare da majalisarsa.

Ba wai Turawa ne suka koya mana zaman shawara ba. Kalmar majalisa daga Larabci take, ma'anarta wurin zama, kuma ta riga su zuwa. A nan Maradi, Sarkin Katsina yana da rukuni huɗu, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, waɗanda suke zaɓen sarki, kuma bai isa ya yi watsi da su ba. Abin da ya zo sabo shi ne rubuta matakan a takarda da ƙirga kawuna.

Sai sanda. Duk wanda ya taɓa kallon zaman majalisar wata jiha ta Najeriya a talabijin ya ga ana shigowa da wata sanda mai ado a gaban kakaki, a ɗora ta kan tebur. Asalinta makamin dogaran sarkin Ingila ce, daga baya ta zama alamar ikon majalisa, har aka ɗauka cewa zaman da babu ita ba zama ba ne. Wannan ya sa duk lokacin da rikici ya tashi, ita ake fara kai wa hannu. A watan Mayun 1962, a majalisar Jihar Yamma da ke Ibadan, rigimar Cif Akintola da abokan hamayyarsa ta kai wani ɗan majalisa ya fizgi sandar ya kai wa kakaki duka, ta bugi tebur ta karye. Ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin zaure, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. A Afrilun 2018 ma wasu suka kutsa majalisar dattawa a Abuja suka gudu da sandar, washegari aka tsince ta a ƙarƙashin wata gada. Ɗalibaina sun fi son wannan sashe na darasin, ba sai na faɗa ba.

Abin da na fi so su riƙe shi ne karatu uku. Kafin injin buga takardu ya yawaita, akawun majalisa yakan tashi ya karanta ƙudirin doka da babbar murya, domin ba kowa ke da kwafi ba, ba kowa kuma ya iya karatu ba. Yau ba a karanta shi duka, amma sunan ya zauna. A karatu na farko ana ambaton sunan ƙudirin ne kawai, babu muhawara, don kowa ya san ya shigo. A na biyu ake fafatawa kan manufarsa: ana bukatar wannan doka ko kuwa? In ya tsallake sai a miƙa shi ga kwamiti, a bi shi layi-layi, a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu. A na uku ake yanke hukunci. Daga nan ya tafi wurin gwamna, wanda tsarin mulkin 1999 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa ta sake amincewa da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ko da bai so ba.

Mai gaggawa zai ce ɓata lokaci ne. Ni kuwa ina ganin an yi jinkirin ne da gangan, don kada doka ta faɗo wa mutane da dare. Uwar da za a ƙara wa kuɗin makaranta, da malamin da za a taɓa wa fansho, tsakanin karatu na biyu da na uku ne kaɗai suke da ƙofar shiga. Wanda bai san akwai wannan tsakani ba, sai dai ya ji a rediyo an gama.

Lissafin ma yana da daɗin koyarwa. Doka ta ce majalisar jiha ba za ta gaza kujeru 24 ba, ba za ta wuce 40 ba, kuma zama ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku sun hallara. Katsina tana da kujeru 34, Kano 40. Nakan ba yara su nemo mutum nawa ake bukata a buɗe zama a Katsina, su sami 12, sannan mutum nawa ne kashi biyu cikin uku, su sami 23. Sai in tambaye su: me ya sa aka sauƙaƙa na farko aka tsaurara na biyu?

Amsar tana cikin kalmar da ta fi kowace nauyi, wato tsigewa. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci zaɓen gwamnan Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina da Daura har zuwa iyakarmu ta Jibiya, tunda sai 1987 aka yanke Jihar Katsina. Majalisar dokokin kuwa tana hannun NPN da babban rinjaye. Tsarin mulki ya ce gwamna ba zai naɗa kwamishina ba sai majalisa ta tantance shi. Ya aika sunaye, aka ƙi. Ya sake aikawa, aka sake ƙi. Haka ya yi kusan shekara biyu yana mulki babu kwamishina ko ɗaya. Daga ƙarshe majalisa ta tuhume shi da saɓa wa tsarin mulki, aka kafa kwamitin bincike, ranar 23 ga Yunin 1981 aka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Shi ne gwamnan farko da aka yi wa haka a tarihin Najeriya.

Har gobe ana gardama kan wannan. Masu goyon bayansa suna cewa an yi amfani da ƙa'ida an kashe zaɓin talakawa. Ɗaya ɓangaren suna cewa shi ya ƙi sasantawa da majalisar da ita ma jama'a suka zaɓa. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina wani ƙaramin sashe ne. A tsarin mulkin 1979, kakaki ne yake zaɓo mutum bakwai da za su binciki gwamna, majalisa ta amince da su. Wato masu ƙara su ne suke naɗa masu bincike. A tsarin 1999 an karɓe wannan daga hannunsa aka ba babban alƙalin jiha. Sauran matakan suna nan: kashi ɗaya cikin uku su sa hannu kan takardar tuhuma, a ba gwamna kwafi ya kare kansa, kashi biyu cikin uku su yarda a bincika, kwamiti ya kawo rahoto cikin wata uku, sannan kashi biyu cikin uku su sake amincewa.

Kuma an ga ranar waɗannan matakai. A Janairun 2006 ƴan majalisar Jihar Oyo 18 daga cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, bayan sun fara shirin a wani otal maimakon zauren majalisa. Kotun ƙoli ta duba ta ce ba su kai adadi ba, ba su kuma bi hanya ba. A Disamban shekarar ya koma kujerarsa.

A nan ne ɗalibanmu suke yawan ruɗewa, domin suna haɗa tsigewa da ƙuri'ar yanke ƙauna. Ba abu ɗaya ba ne. Tsigewa tuhuma ce ta laifi a kan wanda jama'a suka zaɓa kai tsaye, shi ya sa ake bukatar bincike da rinjaye mai tsauri. Ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda littattafanmu suke kira motion de censure, ba ta bukatar a tabbatar da laifi. Majalisa ce kawai take cewa ta daina yarda da gwamnati. Ita muka sani a Nijar. Ranar 31 ga Mayun 2007 depite 62 cikin 113 suka kaɗa ta, gwamnatin Hama Amadou ta faɗi, Seyni Oumarou ya gaje shi. A tsarin namu na wancan lokacin shugaban ƙasa yana da nasa makamin, wato rusa majalisa, kamar yadda Tandja Mamadou ya yi a watan Mayun 2009. Gwamnan jiha a Najeriya ba shi da wannan iko ko kaɗan.

Kada mu ɗauka can komai ya daidaita ta fuskar harshe. Tsarin mulkin 1999 ya sa Ingilishi a gaba, ya ce majalisar jiha tana iya ƙarawa da wani harshen jihar in ta yanke shawarar haka. Legas ta ware ranar Alhamis don zama da Yarbanci. Idan aka kwatanta da Kadunar shekarun 1950, inda Hausa take tsaye kafaɗa da kafaɗa da Ingilishi, za a iya cewa baya aka koma.

Mu kuma yanzu takardar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama na aiki. Duk ranar da aka sake zaɓen majalisa a Yamai, tambayar da tafintocin Kaduna suka fuskanta a 1947 za ta zo kanmu. Wasu kalmomin suna nan a shirye: ƙudiri, kwamiti, masu rinjaye, marasa rinjaye, akawun majalisa. Wasu ba za su yi mana ba, tunda ba mu da sanda, ba mu kuma da gwamnan jiha da majalisa za ta tsige. Wasu kuwa sai mun ƙera da kanmu. Faransanci yana bambanta projet de loi, wanda gwamnati ta kawo, da proposition de loi, wanda depite ya kawo, mu kuwa duka biyun ƙudirin doka muke ce musu, bambancin ya ɓace.

Na ba ajin nan aikin gida su tambayi iyayensu yadda za a raba waɗannan biyun da Hausa. Yaron da ya yi tambayar kakaki ya dawo da amsar kakarsa: ɗaya ƙudirin fada, ɗaya ƙudirin wakili. Na rubuta su a allo, har yanzu ban goge ba.