Yadda ake gane ko abin toshe kunne ya zauna daidai

A Auna da ke Ƙaramar Hukumar Magama a Jihar Neja, kamar sauran garuruwan noma na masarautar Kontagora, masu injin niƙa da na casar shinkafa kan wuni cikin ƙara. Masana lafiyar ma'aikata sun ɗauki desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyaka, kuma ƙarin desibel 3 kacal na rage lokacin zuwa rabi. Kurumtar da ƙara ke jawowa ba ta warkewa.

Sayen abin toshe kunne kaɗai bai wadatar ba, domin in bai zauna ba, ƙara na kutsawa ta gefensa. Irin na soso, ana murza shi ya sirance, a ja kunnen sama, a zura shi, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura.

Gwajinsa ba ya buƙatar kuɗi. Yayin da inji ke aiki, ma'aikaci ya rufe kunnuwansa da tafin hannu, sannan ya ɗauke. Idan ƙarar ta sauya sosai, to a cire a sake sakawa. Audugar da wasu ke cusawa kuwa, kariyarta ba ta taka kara ta karya ba.