Tsibiran Hebrides: Yadda ake shirya zagaye da mota mai ɗakin kwana

Tsibiran Hebrides na Waje, waɗanda ke arewa maso yammacin Sikotland, na daga cikin wuraren da masu yawon buɗe ido a Birtaniya suka fi sha'awar zuwa da irin motocin nan masu ɗakin kwana da madafa a ciki. Sai dai tafiya ce da jiragen fito ke da iko da ita, ba direba ba.

Tsibiran sun jeru ne daga kudu zuwa arewa a tekun Atlantika, a tsawon kimanin kilomita 210. Mutane kusan 26,000 ne ke zaune a guda 15 daga cikinsu, kuma babban garinsu shi ne Stornoway da ke tsibirin Lewis.

Babu gada tsakanin tsibiran da sauran Sikotland. Don haka duk wata mota, da kusan dukkan abinci da man fetur da kayan gini, ta teku suke shiga.

Hanyoyin shiga da fita

Kamfanin Caledonian MacBrayne, wanda aka fi sani da CalMac, shi ne ke jigilar motoci zuwa tsibiran. Mallakar gwamnatin Sikotland ne, kuma a shekarar 1973 ya samu wannan suna bayan haɗewar wasu tsofaffin kamfanonin jiragen ruwa guda biyu.

Tafiya mafi nisa ita ce daga garin Oban zuwa Castlebay a tsibirin Barra da ke kudu, wadda ke cin kusan sa'o'i biyar. A arewa kuwa, jirgin Loch Seaforth, wanda ya fara aiki a 2015 kuma yake ɗaukar fasinjoji 700, yana ƙetarawa daga Ullapool zuwa Stornoway cikin kimanin sa'o'i biyu da minti 40.

Tsakanin waɗannan biyu akwai jirgin Mallaig zuwa Lochboisdale, da kuma na Uig a tsibirin Skye, wanda ke zuwa Tarbert da Lochmaddy cikin ƙasa da sa'o'i biyu. Shi Skye ana shigarsa da mota ta gadar da aka buɗe a 1995, kuma an daina karɓar kuɗin ƙetare ta tun 2004.

Galibin matafiya kan shiga ta Barra su fita ta Stornoway, ko akasin haka, domin kada su maimaita hanya. Masu keke sun fi son farawa daga kudu saboda iska ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, tana tura su daga baya. Ga mai mota dalilin daban ne: jirgin Barra ba ya yawan zirga-zirga, don haka gurbinsa ake fara kamawa, sannan a gina sauran tafiyar a kansa.

A cikin tsibiran kansu an rage yawan fito matuƙa. An cike teku da duwatsu an shimfiɗa titi zuwa Vatersay a 1991, da Berneray a ƙarshen shekarun 1990, da Eriskay a 2001. Yanzu mota kan taso daga Eriskay ta ratsa Uist ta Kudu da Benbecula da Uist ta Arewa har Berneray ba tare da ta hau jirgi ba. Lewis da Harris kuma, duk da sunaye biyu, tsibiri ɗaya ne da duwatsu suka raba.

Fito biyu ne suka rage: na minti 40 daga Barra zuwa Eriskay, da na sa'a guda daga Berneray zuwa Leverburgh a Harris. Waɗannan jiragen ƙanana ne, kuma a nan ne shirin mutane da dama ke wargajewa. Mashigin Harris ba shi da zurfi, ga duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ta yadda idan teku ta janye sosai akan sauya lokacin tashi ko a soke tafiyar.

Tikiti da gurbi

A watan Oktoban 2008 gwamnatin Sikotland ta fara gwada wani tsari a tsibiran, inda ake ƙiyasta kuɗin fito daidai da abin da mota za ta ci in da a kan titi ta yi wannan nisa. Kuɗin tikiti ya faɗi, baƙi suka ƙaru, kuma a 2015 aka faɗaɗa tsarin zuwa dukkan hanyoyin CalMac.

Sai dai arhar ta zo da nata ciwon kan. A lokacin bazarar Turai jiragen kan cika makonni kafin ranar tafiya, har ɗan tsibiri da ke son zuwa asibiti ko jana'iza a babban yanki ya rasa inda zai sa motarsa. Mota mai ɗakin kwana guda ɗaya kan cinye wurin da ya fi na ƙaramar mota, abin da ya sa ita aka fi nuna wa yatsa.

A 2021 kamfanin ya hana irin waɗannan motoci na baƙi shiga layin masu jiran tsammani, wato waɗanda ke zuwa tasha ba tare da gurbi ba da fatan wani zai fasa. Abin da hakan ke nufi shi ne dole a sayi tikitin kowane fito tun daga gida, har da na ƙananan jiragen biyu.

Da tsawon mota ake yanke kuɗi, kuma ana auna ta ne har da kekuna ko akwatin da aka ɗaura a baya. Wanda ya rage tsawon motarsa a takarda na iya isa tasha ya tarar gurbin da aka ware masa bai ishe shi ba.

A manyan hanyoyi kamar ta Ullapool ana rufe karɓar motoci minti 45 kafin jirgi ya tashi, kuma wanda ya makara ya rasa gurbinsa. Ana buƙatar a rufe tukunyar gas ta girki kafin a hau, sannan a manyan jiragen ba a barin kowa ya zauna cikin mota yayin ƙetarawa.

Tsofaffin jirage

Iska mai ƙarfi kan tsayar da fito a kowane wata na shekara, amma ba ita kaɗai ba ce matsalar. Da yawa daga jiragen CalMac sun tsufa, kuma lalacewar guda ɗaya kan shafi tsibirai da dama, domin sai an janye wani daga hanyarsa ya cike giɓin.

A 2015 aka bai wa masana'antar Ferguson da ke Port Glasgow kwangilar ƙera sababbin jirage biyu a kan fam miliyan 97, da nufin a karɓe su a 2018. Na farkonsu, Glen Sannox, bai fara ɗaukar fasinjoji ba sai a watan Janairun 2025, kuma kuɗin aikin ya ninka fiye da sau huɗu. Daga baya gwamnati ta ba da odar wasu jirage huɗu daga Turkiyya, biyu daga cikinsu domin hanyoyin Uig.

A watan Yunin 2023 ɗaruruwan mazauna Uist ta Kudu sun yi zanga-zanga a tashar Lochboisdale, bayan da aka soke jirginsu kusan tsawon watan aka kai shi wata hanya.

Saboda haka matafiyi mai lura ba ya sa jirginsa na ƙarshe a ranar da zai mayar da motar haya ko ya hau jirgin sama. Kwana bakwai na isa a ratsa tsibiran, amma kwana goma zuwa sha huɗu ne ke barin sararin da za a jure soke fito guda ba tare da asara ba.

Tuƙi da wurin kwana

A hagu ake tuƙi a Birtaniya. Lasin ƙaramar mota na ba da damar tuƙa wadda nauyinta bai wuce kilogiram 3,500 ba, kuma baƙo na iya amfani da lasin ƙasarsa har tsawon watanni 12, ko da yake kamfanonin haya na da nasu sharuɗɗan.

Tituna da yawa a tsibiran faɗin mota ɗaya ne, da 'yan wuraren kaucewa jefi-jefi. Ƙa'idar ita ce direba ya tsaya a gefensa na hagu ya bar mai tahowa ya wuce, ya kuma kauce wa na bayansa idan ya fi shi sauri, domin yana iya zama likita ne ko mai gaggawar kama jirgi. Ba a ajiye mota a wurin kaucewa don ɗaukar hoto. Tumaki kuma kan kwanta a tsakiyar kwalta ba su damu da kowa ba.

Allunan hanya da harshen Gaelik ake fara rubuta su, wanda kusan rabin mutanen tsibiran ke magana da shi. Stornoway, alal misali, Steòrnabhagh ne a kan allo.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa a Sikotland mutum na iya kwana duk inda ya ga dama. Gaskiya ne dokar ƙasa ta 2003 ta bai wa jama'a 'yancin shiga filaye da kafa tanti, amma 'yancin bai shafi motoci ba.

Wannan batu na da nauyi musamman a gaɓar yamma, inda ake da wani shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa da furanni da ake kira machair. Ƙasarsa yashi ne na ɓawon dodon koɗi, ana noma da kiwo a kai, tsuntsaye kuma na yin ƙwai a ƙasa. Da zarar taya ta yage ciyawar, iska sai ta kwashe yashin.

Mafi yawan filayen tsibiran yanzu a hannun al'umma suke, bayan da mazauna suka saye su daga manyan masu ƙasa, kamar Harris ta Arewa a 2003 da Uist ta Kudu a 2006. Wasu daga cikin ƙungiyoyin sun ware wuraren kwana na motoci a kan ɗan kuɗi kaɗan, ban da sansanonin da ke da lantarki da ruwa.

Ƙazantar bayin mota ba a zubar da ita sai a wuraren da aka tanada, domin sinadarin da ke ciki na lalata rijiyoyin masai na ƙauyuka. Gidajen mai ba su da yawa, don haka ba a jira tanki ya yi ƙasa.

Daga Yuni zuwa Agusta akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo, waɗanda ba su kai sauro girma ba, da ke fitowa tururu idan iska ta kwanta. A Uist kuma akwai kaska mai yaɗa cutar Lyme. Watannin Mayu da Satumba sun fi sauƙin ƙwari da cunkoso.

Ranar Lahadi, da masallaci

A Lewis da Harris akasarin jama'a mabiya ɗariƙun Firesbiteriya ne masu tsananin girmama Lahadi. Sai a 2002 jiragen sama suka fara sauka a Stornoway a wannan rana, jirgin fito kuma sai a Yulin 2009, duk bayan doguwar taƙaddama. Ko a Nuwamban 2024, lokacin da kantin Tesco na garin ya fara buɗewa ranar Lahadi, an samu masu adawa da dama. Kantuna da gidajen mai da yawa na rufewa, don haka ranar Asabar ake cefane. A Barra da Uist ta Kudu, inda Katolika suka fi yawa, abin bai kai haka ba.

A watan Mayun 2018 aka buɗe masallaci na farko a tsibiran, a Stornoway. Musulmi 'yan asalin Pakistan sun shafe shekaru da dama suna kasuwanci a garin, sannan iyalai 'yan gudun hijira daga Siriya suka ƙara yawansu.

Lokutan salla na buƙatar shiri. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10:30 na dare, ta kuma fito kafin 4:30 na asuba, sannan sama ba ta yin duhu sosai a tsakani, abin da ya sa a irin waɗannan yankuna akan ƙaddara lokacin Isha'i da Asuba. A Disamba kuwa yinin bai kai sa'o'i bakwai ba.

Kifi na nan a wadace, amma ya kamata a san cewa shahararren abincin Stornoway, wato baƙin tsiren-hanji da ake kawowa da karin kumallo, da jini ake yin sa.

Abubuwan gani

A Barra jiragen fasinja na sauka ne a kan yashin gaɓar teku, kuma janyewar ruwa ce ke tsara lokacin saukarsu. A Harris akwai farin yashin Luskentyre, da masaƙa da ke saƙa ulun Harris Tweed, wanda dokar 1993 ta ce dole a saƙa shi da hannu a gidan masaƙin a cikin tsibiran.

A Lewis akwai tsayayyun duwatsun Calanais da aka kafa kusan shekaru 5,000 da suka wuce, da ƙauyen Gearrannan mai gidajen dutse da jinka, wanda mazaunansa na ƙarshe suka tashi a 1974. Kusa da mashigar Stornoway kuma akwai wurin tunawa da jirgin Iolaire, wanda ya nutse a ranar 1 ga Janairun 1919 da mutane fiye da 200, akasarinsu 'yan tsibirin da ke dawowa gida daga Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tsibiran St Kilda, masu nisan kimanin kilomita 65 yamma da Uist ta Arewa, ba a kai musu mota. An kwashe mazaunansu 36 na ƙarshe a 1930. Mai son zuwa sai ya ajiye motarsa a Harris ya hau ƙaramin jirgi na yini guda, kuma masu jiragen kan nemi ya ware kwana biyu a jere, ko da teku za ta ƙi a rana ta farko.