Tarihin Rakoda Mai Faifai Biyu Da Yadda Ake Gyaranta

Rakoda mai faifai biyu akwati ce ta ɗaukar magana a kan wani dogon zare mai faɗin rubu'in inci, wanda ake kira tef. Tef ɗin yakan warware daga faifan hagu, ya gogi wasu ƙananan ƙarafa da ake ce wa kawuna, sa'an nan ya naɗe a faifan dama.

Asalin wannan hikima daga ƙasar Danmak ne. A 1898 wani mutum mai suna Valdemar Poulsen ya ajiye murya a jikin wayar ƙarfe da ƙarfin maganaɗisu. A 1928 Fritz Pfleumer, a ƙasar Jamus, ya shafa garin ƙarfe a kan takarda, ta zauna maimakon waya. Kamfanin AEG ya karɓi dabarar, ya nuna akwatinsa a Berlin cikin 1935, amma muryar tana fita a shaƙe. Sai a 1940 wani injiniya, Walter Weber, ya gane cewa in an gauraya maganar da wani siririn sauti na lantarki wanda kunne ba ya ji, za ta fito tangaran. Da yaƙi ya ƙare a 1945, wani sojan Amurka, Jack Mullin, ya tafi gida da akwati biyu na Jamusawa. Daga su kamfanin Ampex ya koya, ya fito da nasa a 1948. Ba a daɗe ba gidajen rediyo na duniya suka rungume ta. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai sannu a hankali aka yi ta ajiye ta.

To, wanda ya sami tsohuwar rakoda ba ya gaggawar ɗora mata tef mai daraja. Da fari makanike yakan duba bel da ƙaramar tayar roba mai matse tef, don roba in ta tsufa takan bushe ko ta narke. Ya kankare tsohon giris, ya sa sabo. Ya goge kawuna da auduga da sifirit. Sa'an nan ya zare maganaɗisun da ya taru a jikinsu, gama in an bar shi yakan cinye siraran sautuka na tef, kuma abin da ya cinye ba ya komowa.

Bayan gyara sai daidaitawa, ita ce babban aiki. Kamar yadda kasuwa ba ta zama lafiya sai mudu ɗaya ne, haka rakoda ba ta faɗin gaskiya sai an auna ta da tef na gwaji. Ana duba gudunta, ko inci 7½ ko 15 a daƙiƙa guda. Ana sa sauti mai kaɗawa 1,000 a daƙiƙa a daidaita ƙarfin murya. Ana sa mai kaɗawa 10,000, a riƙa juya ɗan kusa na kan da ke karanta tef har allura ta kai matuƙa. Nan ne kan ya miƙe sosai. Sai an gama da wajen saurare ake taɓa wajen ɗauka, a daidaita siririn sautin nan na Weber.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin muryoyin malamai da sarakuna da mawaƙa da yawa da suka riga mu gidan gaskiya suna kwance a irin faya-fayan nan. Tef kuwa ba ya dawwama. Wasu na shekarun 1970 zuwa 1980 sukan sha raɓa su yi danƙo, sai an gasa su a hankali kafin su karantu. Saboda haka ya kamata a gyara akwatunan da suka rage, a kwafe maganganun cikin kwamfuta tun suna jiyuwa, don jikoki su ji kakanninsu da kunnensu.