Ramin Bayan Gida da Kuɗin Kafin Alƙalami

Mararaban Rido tana bakin hanyar da ta fita daga birnin Kaduna ta bi ta Kujama da Kajuru da Kachia, har ta sada matafiyi da Kafanchan. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, daura da matatar man da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, aka buɗe ta a 1980. Matatar ta jawo ma'aikata da direbobin tanka da 'yan kasuwa. Sannan rikicin 2000 da na 2002 suka sa mazauna Kaduna suka rarrabu, kogin Kaduna ya zama iyaka, iyalai masu yawa suka koma kudancin gari. Gonakin Gbagyi suka zama filaye, filaye suka zama unguwanni. Duk inda gari ya yi irin wannan girma na gaggawa, kango yakan yi yawa: gini ya kai linta ya tsaya, rodi a tsaitsaye yana tsatsa, ciyawa ta fito a inda aka yi niyyar falo.

Amma akwai abin da ya fi kango muni, wato ramin da aka haƙa aka bari.

Tafkin ninƙaya a bayan gida ba abin kowa ba ne a wannan yanki. An fi ganinsa a otal-otal da wuraren biki da gidajen masu hali, sai kuma irin ginin nan na Kajuru mai kama da fadar sarakunan Turai, wanda wani Bajamushe ya gina bisa dutse a shekarun 1980, da tafkinsa a ciki. Sai dai tafkin yana da dangi a gidajen talakawa da matsakaita: tafkin kiwon tarwada, tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, ramin sokawe. Dukkansu aiki ɗaya ne a idon injiniya, akwati ne na kankare da aka binne, wanda dole ya riƙe ruwan cikinsa kuma ya jure ƙasar da ke danno shi daga waje. Rigimar da ke tasowa idan ba a ƙarasa su ba ita ma iri ɗaya ce.

Kango yana iya jira. Mutum ya tsayar da gini shekara biyar, ya samu kuɗi ya ɗora daga inda ya tsaya. Rami ba ya jira. Damina a kudancin Kaduna takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan farko ya isa ya zabtare gefen ramin da ba a tokare ba. Idan kusa da katanga aka haƙa, har tushen katangar maƙwabci yakan ci. Kankaren da aka zuba rabi aka dakata ba ya haɗewa da sabo yadda ya kamata, sai mahaɗar ta zama hanyar yoyo. Tafkin da aka gama ƙwaryarsa aka bar shi ba ruwa, ruwan ƙasa na iya tura shi sama ya tsage. Ga sauro, ga kwaɗi, ga fargabar uwa duk lokacin da yaro ya zagaya baya. Saboda haka mai gida ba ya cikin halin yin ciniki a natse. Kowane mako asararsa ƙaruwa take yi, kuma ɗan kwangila ya san haka.

Yadda rigimar take farawa kusan a haddace yake. Wani ɗan'uwa ko abokin aiki ya kawo mutum ya ce ya iya aiki. A yi jinga da baki, ko a rubuta jimla a fallen takarda. Mai aiki ya nemi kafin alƙalami, sau da yawa rabin kuɗin ko fiye, don sayen siminti da rodi da tsakuwa. A haƙa rami cikin kwana kaɗan, domin haƙa ita ce mafi araha kuma ita ce ta fi cika ido. Daga nan sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Idan an same shi a waya, amsar ita ce, "Yallaɓai, kaya sun tashi." Ba kullum ne ƙarya yake yi ba. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya karɓi jinga kafin wannan tashin, ya kuma taɓa kuɗin wajen toshe ramin wani aikin, ya shiga ukun da ba ya iya fita.

A nan ne mai gida kan tuna da tambayar da ya kamata ya yi tun farko: shin mutumin nan yana da takarda? Ɗan kwangila sai ya fito da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da tambari da lamba. Takardar gaskiya ce, amma abin da take shaidawa kawai shi ne an yi wa suna rajista. Hukumar ba ta gwada kowa a kan awon rodi ba. Mai sayar da shinkafa da mai haƙa tafki takarda iri ɗaya suke riƙe da ita, shi ya sa ake yawan ganin kamfani guda ya rubuta cewa yana gini, yana kawo kayan ofis, yana kuma noman citta.

Ba wai Nijeriya ba ta da dokar sana'ar gini ba ne. Tana da su, har sun yi yawa. ARCON, mai rajistar masu zanen gine-gine, ta samo asali daga dokar soja ta 10 ta 1969. COREN ta injiniyoyi daga doka ta 55 ta 1970. CORBON, wadda ke rajistar ƙwararrun magina, daga doka ta 45 ta 1989. A 2006 aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. Abin lura shi ne waɗannan hukumomi galibi masu takardar karatu suke yi wa rajista, kuma horonsu a kan 'ya'yansu yake tsayawa: su soke rajistar wanda yake da ita, su gurfanar da wanda ya yi sojan gona da sunan injiniya. Birkilan da ya koyi aiki a hannun maigidansa, ya tara lebura huɗu, ya fara karɓar jinga, bai taɓa cewa shi injiniya ba ne, ko da yake a wurin aiki kowa "Injiniya" yake kiransa. Shi ne ke gina mafi yawan abin da ake ginawa a Mararaban Rido da Kafanchan, kuma yana zaune a tsakanin dokokin nan kamar wanda ya tsaya a kan iyakar gonaki biyu.

Gwamnatin jiha ce ke da ikon cike wannan giɓi. Kotun Ƙoli ta yanke a 2003, a ƙarar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya kan dokar tsara birane ta 1992, cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. A Kaduna, KASUPDA ce ke ba da izinin gini, KADGIS kuma ke riƙe da bayanan filaye. Amma izinin KASUPDA yana duban abin da za a gina da inda za a gina shi. Alƙawarin da ke tsakanin mai gida da wanda ya karɓi kuɗinsa ba aikinta ba ne. Hankalin hukumomi kuma yakan tashi ne idan gini ya rufta: benen Ikoyi mai hawa 21 a ranar 1 ga Nuwamban 2021, ko makarantar Saint Academy ta Jos a ranar 12 ga Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu. Ramin bayan gida ba ya shiga jarida.

Da can ba haka abin yake ba, aƙalla a birane. Magina a ƙasar Hausa suna da Sarkin Magina, wanda ke raba aiki, ya san gwani ya san ɗan koyo, kuma gare shi ake kai ƙara. A Zariya har yau ana tuna Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Malaman Malikiyya kuma suna da babin da suke kira lamuncewar masu sana'a: wanda ya buɗe sana'a ga jama'a, aka damƙa masa kaya suka salwanta a hannunsa, shi zai biya, sai in ya kawo hujjar ba laifinsa ba ne. Dalilin malaman shi ne maslaha, domin mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu. A ƙauyuka kuwa, da gayya ake ɗaga ɗaki, wanda ya gudu daga aikin wani ba zai ga kowa a nasa ba. Abin da ya haɗa waɗannan tsare-tsare shi ne mai aiki yana da abin da zai rasa. A unguwar da kowa baƙo ne, mai aiki na iya canza layin waya ya koma Gonin Gora ko Abuja.

Sai mai gida ya nufi caji ofis. Kusan kowa can yake fara zuwa, alhali doka ta hana kamu a kan irin wannan rigima. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kamar yadda sashe na 8 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 ya faɗa tun kafin nan. Don haka sai a sake wa ƙarar riga, a kira ta zamba cikin aminci. Wani lokaci zambar ce da gaske, idan tun farko mutum bai yi niyyar aikin ba. Amma wanda ya haƙa rami ya zuba rabin kankare, da wuya a tabbatar masa da wannan niyya. Abin da kan faru shi ne a tsare shi kwana ɗaya ko biyu, ya rubuta alƙawarin biya, danginsa su karɓi belinsa, kuɗin da zai sayi siminti ya tafi a hidimar fita. Kotuna suna nan, majistare da kotun shari'a da ta gargajiya, tun gyaran da gwamnatin Ahmed Makarfi ta yi a 2001, amma wanda ba shi da rubutacciyar yarjejeniya ko rasit yana shiga ne da hannu ɗaya a ɗaure.

Masu kiran a kafa lasisin 'yan kwangila sukan duba Amurka, inda tafkin bayan gida ya zama ruwan dare. California ta kafa hukumar lasisin 'yan kwangila tun 1929, tana da rukunin lasisi na musamman ga masu gina tafkin ninƙaya, mai lamba C-53. Dokarta tana da haƙori: wanda ya yi aiki ba lasisi ba zai iya kai ƙarar neman kuɗinsa ba, mai gida kuma na iya karɓe duk abin da ya biya shi ko da aikin ya yi kyau. Sai dai Florida ma tana da lasisi, kuma a can ne kamfanin Olympus Pools na yankin Tampa, da lasisinsa a hannu, ya durƙushe a 2021 ya bar ɗaruruwan gidaje da ramuka. Lasisi bai hana shi cin kuɗin wannan don fara aikin wancan ba.

Abin da ya fi cancantar a ara daga California wasu ƙa'idoji biyu ne da ba su da kwarjini. Na farko, kafin alƙalami ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ba a biyan abin da ya zarce aikin da aka riga aka yi ko kayan da aka sauke. Na biyu, mai lasisi yana ajiye lamunin dala 25,000 wanda za a iya biyan wanda ya cuta daga ciki. Abin mamaki, gwamnatin Nijeriya ta san wannan dabara, amma kanta kaɗai ta yi wa tanadinta. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙayyade kuɗin fara aiki a kashi 15, daga baya aka ɗaga zuwa 30, kuma sai da lamunin banki ko na inshora. Ko da hakan, kwamitin gwamnatin tarayya ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba a 2011, wanda ke nuna ƙa'idar da ba a tsare ta ba ba ta tsare kowa. Malamar makarantar da ta ci bashi don tafkin kifi kuwa, ba ta da ko wannan ƙa'idar a takarda.

Akwai suka mai ƙarfi a kan duk wannan, kuma ya kamata a saurare ta. Lasisi a ƙasar nan yakan rikiɗe ya zama hanyar karɓar haraji, da masu riga mai sheƙi suna bin wuraren aiki suna ƙwace shebur. Dokar California ta ƙwace ladan marar lasisi, in aka kawo ta Chikun ko Kafanchan, makami za ta zama a hannun mai kuɗi, ya sa birkila aiki ya gama sannan ya tuna ba shi da takarda. Magina ma suna da nasu labarin: mai gidan da ya canza girman tafki bayan an ɗaure rodi, wanda ya ce a rage siminti, wanda aka gama masa aiki ya riƙe cikon kuɗi shekara guda. Ƙayyade kafin alƙalami a kashi 10 kuma ba zai yiwu ga mai aikin da ba shi da jarin sayen buhu ashirin ba.

Wannan matsalar ta ƙarshe tana da mafita da mutane suka daɗe da ganowa da kansu: mai gida ya sayi kaya, mai aiki ya karɓi kuɗin hannu mataki-mataki, na haƙa, na ɗaurin rodi, na zuba kankare, na filasta, na ƙarshe bayan an cika tafkin da ruwa an bar shi kwanaki an ga ba ya yoyo. Hakan yana ɗora tashin farashi a kan mai gida, inda dama can ya kamata ya zauna, yana kuma rage abin da mai aiki zai iya gudu da shi. Abin da jiha za ta ƙara ba shi da tsada: takardar yarjejeniya mai shafi guda, da Hausa da Turanci, da rajistar masu aiki a hannun ƙungiyoyinsu na birkiloli da masu aikin famfo, inda wani tsohon hannu zai tsaya wa sabo, da kuma kotun ƙananan basussuka mai saurin yanke hukunci, irin wadda Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi a 2019. Tafki mai zurfi ko wanda ke jikin katanga shi ne ya kamata a wajabta wa sa hannun injiniya mai rajistar COREN, domin a nan kuskuren awo kan taɓa gidan da mai shi ba ya cikin jingar.